Tambayoyin Masu Karatu: Ɗaukar Nauyin Ɗalibin Bayolin da Fiyano

Wasiƙu huɗu muka ɗauko a wannan fitowa, kuma dukkansu a kan yara da matasa ne masu koyon kiɗan gargajiyar Turai, musamman bayolin, wato gogen Turawa, da fiyano. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Daga wata uwa a Agege, Legas: Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara 16, ya fara koyon bayolin tun yana aji ɗaya na sakandare, kuma malaminsa ya ce ya kamata ya nemi shiga makarantar kiɗa ta MUSON idan ya kammala. Mahaifinsa ya rasu, ni kuma ban san kan wannan karatu ba, ga shi baffanninsa suna cewa ba za a wayi gari jininsu ya zama ɗan goge ba. Shin karatu ne na gaske, kuma me ake bukata daga gare ni?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya albarkaci abin da ya bari. Karatu ne na gaske, kuma yana cikin karatun da satar amsa ba ta yi wa ɗalibi rana, domin ranar jarrabawa shi kaɗai zai tsaya a gaban malamai da kayan kiɗansa a hannu, kuma kafin ya yi minti biyu kunnuwansu sun riga sun gaya musu ko shekarun da suka wuce aiki ya yi a cikinsu ko wasa.

Irin wannan makaranta Turawa suna kiranta konsabatori, kuma asalin sunan zai ba ki sha'awa tun da maraya kike riƙo. A ƙarni na 16, a birnin Naples na ƙasar Italiya, sunan gidajen marayu ne, inda ake adana yaran da ba su da kowa, a ciyar da su, a koya musu kiɗa domin su sami abin dogaro. A Venice ma akwai wani gida irin wannan na 'yan mata mai suna Pietà, inda shahararren marubucin kiɗa Antonio Vivaldi ya fara koyar da bayolin a 1703. Daga baya ne gwamnatoci da masu hannu da shuni suka mayar da abin manyan makarantu, kamar ta Paris da aka kafa a 1795 da Royal Academy of Music ta Landan a 1822. Na kawo wannan tarihi ne domin ki san cewa tun fil azal wannan karatu bai taɓa ɗaukar nauyin kansa ba. Malami ɗaya ne yake zama da ɗalibi ɗaya na awa guda, saboda haka tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin iyaye a ko'ina a duniya, kuma neman tallafi a kansa ba abin kunya ba ne.

MUSON ƙungiya ce ta masu son kiɗa da aka kafa a 1983, cikin waɗanda suka kafa ta har da marigayi Akintola Williams, fitaccen akantan nan, kuma cibiyarta tana Onikan a tsibirin Legas. Tana da makarantar kiɗa mai ba da difloma ta shekara biyu, kuma tun 2006 gidauniyar kamfanin MTN take ɗaukar nauyin karatun ɗaliban da suka ci gwajin shiga. Ɗalibin difloma, ban da babban kayan kiɗansa, zai karanta ka'idojin rubutun kiɗa, da yadda ake haɗa sautuka su dace da juna, da horar da kunne, da tarihin kiɗa, zai kuma yi kiɗa tare da sauran ɗalibai a ƙungiya. Sharuɗɗan shiga da abin da tallafin ya ƙunsa suna iya sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka ki taka da ƙafarki zuwa Onikan ke da yaron, ku karɓo su a rubuce.

Abin da ke gabanki yanzu shi ne ki kai shi bakin wannan ƙofa da shirinsa, domin tallafin karatu wanda ya riga ya iya ake ba wa. Ma'aunin da aka fi sani shi ne jarrabawar mataki-mataki, daga na 1 zuwa na 8, wadda hukumar ABRSM ta Ingila take shiryawa tun bayan kafa ta a 1889, kuma MUSON ma tana da tata. A jarrabawar ABRSM ta gaba da gaba ɗalibi yakan kaɗa kiɗa uku da ya shirya, ya yi hawa da saukar sauti, a miƙa masa rubutun kiɗan da bai taɓa gani ba ya kaɗa nan take, sannan a gwada kunnensa. Maki 150 ne gaba ɗaya, 100 ne ci, 130 kuma shi ne ci da yabo mafi girma. Ba a barin ɗalibi ya zauna mataki na 6 sai ya ci jarrabawar ka'idojin kiɗa ta mataki na 5 ko makamanciyarta, kuma a nan ne yara da yawa masu zaƙin hannu suke maƙalewa, saboda sun koyi kaɗawa da kunne, karatun rubutun kuma an bar shi a baya. Ki tambayi malaminsa kai tsaye: wane mataki yaron yake a hannu, wane mataki yake a rubutu, kuma wata nawa ya rage masa ya kai abin da makarantar take nema?

Sai kuma ƙananan kuɗaɗen da ba a rubuta su a takardar kowace gidauniya, waɗanda a ganina su ne suka fi karya ɗalibai. Bayolin tana da tsirkiya huɗu, kuma ko ba su tsinke ba muryarsu takan dushe bayan 'yan watanni a hannun mai kaɗawa kullum, siririyar cikinsu kuwa ba ta da alƙawari, tana iya tsinkewa ana gobe jarrabawa. Bakan da ake gogawa da shi izgar doki ce aka ɗaura masa, kamar dai na gogenmu, kuma izgar takan sulɓe har a bukaci sabuwa kamar sau ɗaya a shekara. Akwai ƙaron da ake shafa wa izgar, akwai littattafan kiɗa, akwai kuɗin jarrabawa, akwai kuɗin wanda zai raka shi da fiyano ranar gwaji, akwai kuɗin mota daga Agege zuwa tsibiri da dawowa. Yawancin kayan nan daga waje ake shigo da su, saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi sai farashinsu ya tashi. Ki ware wani abu kowane wata, ko da ta hanyar adashi ne, ki sa masa suna kuɗin tsirkiya, kada a taɓa shi.

Abu mafi tsada da za ki ba shi kuwa ba a saya a kasuwa, wato awa biyu zuwa uku a kullum da ba za a aike shi ko'ina ba. Idan gidan haya kuke zaune kuma maƙwabta suna ƙorafi, akwai wata 'yar roba mai nauyi da ake ɗora wa jakin bayolin, ita ce 'yar katakon nan da tsirkiyoyi suke hawa kanta, sai ƙarar ta ragu ƙwarai. Amma kada ya saba da ita kullum, domin ba zai ji ainihin muryar da yake fitarwa ba. Ki nema masa izinin amfani da wani aji a makarantarsu bayan an tashi.

Game da baffanninsa, ba su yi ƙarya ba da suka ce goge ne, domin dangantakar a bayyane take: tsirkiya, da izga, da ƙaro, da jaki. Abin da suke gudu shi ne sunan da goge ya yi a ƙasar Hausa saboda alaƙarsa da bori da wuraren da mutumin kirki ba ya son a gan shi, da kuma tsoron kada ɗansu ya ƙare a roƙo. Gardama ba za ta kawar da wannan tsoro ba. Ki lallaɓa wanda ya fi saukin kai a cikinsu, ki roƙe shi ya raka yaron ranar da ɗalibai suke nuna abin da suka koya a Onikan, ya ga wurin da idonsa, ya ga malaman, ya ga takardun da ake karantawa. Batun hukuncin kiɗa a addini kuma wannan fili ba na fatawa ba ne, ku zauna da malamin da kuka amince da shi a gidanku.

Ba zan rufe ki a kan maganar abinci ba. Waɗanda suke rayuwa da hawa dandamali kaɗai 'yan ƙalilan ne ko a Turai, balle a Najeriya inda ƙungiyoyin makaɗa masu biyan albashi na wata-wata ba su da yawa. Akasarin masu wannan difloma da koyarwa suke ci, a makarantun kuɗi da kuma a gidajen mutane, su haɗa da kiɗa a taruka, da aiki a situdiyo, wasu su shiga ƙungiyar badujala ta soja ko ta 'yan sanda. Sana'a ce mai rufin asiri ga wanda ya ƙware kuma yake cika alƙawari. Saboda haka kada ya yi sakaci da jarrabawar kammala sakandare, domin da ita ce zai iya ɗorawa da digiri a jami'a idan ya so, kuma Jami'ar Najeriya da ke Nsukka tana da sashen kiɗa tun farkon shekarun 1960.

Daga wani ɗan kasuwa a Kano: 'Yata tana da shekara 11, ta yi shekara biyu tana koyon fiyano a makarantarsu, kuma malamarta ta ce sai an sama mata nata a gida. An nuna mini hoton wani fiyanon katako ɗan Kwatano a Legas, an ce zai zo da sauƙi. In saya, ko in sayi na lantarki?

Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka tsaya tambaya kafin ka biya, domin fiyanon katako ba a sayensa da hoto. A waje kamar kabad yake, amma a cikinsa akwai wayoyin ƙarfe sama da 200 da aka ɗaure tamau, waɗanda jimillar jan da suke yi wa firam ɗinsa ya kai wajen tan 18, ga kuma dubban ƙananan sassa na katako da ulu da fata da suke motsi duk lokacin da aka danna ɗaya daga cikin madannansa 88. Bayan wayoyin akwai wani faffaɗan allo siriri wanda shi ne yake ba sautin ƙarfi da zaƙi, kuma shi ne abin da iskar Kano take fara kamawa.

Katakon kayan kiɗa yana son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. A Kano da hunturu danshin yakan faɗi ƙasa da kashi 20, da damina kuma ya haura sosai, don haka katako ya tsuke a Janairu ya kumbura a Agusta, shekara da shekaru. Fiyanon da ya yi rabin rayuwarsa a Turai, ya sha laimar Legas a wurin ajiya, sannan aka ɗoro shi a mota zuwa Kano a watan Disamba, ba ƙaramin sa'a zai yi ba idan allonsa bai tsage ba. Na taɓa buɗe wani irinsa a zauren taron wata makaranta a Arewa. An jingine shi a ƙarƙashin taga, rana tana dukansa kowace yamma, an tara rajistar ɗalibai a kansa. Da na danna madannan tsakiya, uku ba su dawo ba, da na leƙa baya kuma sai ga tsaga a allon wadda tsinke zai shiga, ɓeraye sun kwashe ulun sun yi sheƙa da shi a ƙasa. Wani bawan Allah ne ya ba makarantar kyauta da zuciya ɗaya, amma babu wanda ya ware ko sisi domin kula da shi.

Shawarata ita ce ka sayi na lantarki, amma ka san wanda za ka saya. Ba irin fiyanon da ake kiɗan waƙoƙin fim da shi a situdiyo ba, mai madannai 61 marasa nauyi, domin yarinyar da ta saba da shi yatsunta ba za su yi ƙarfi ba, kuma ba za ta koyi bambanta sauti mai taushi da mai ƙarfi da nauyin hannunta ba. Ka ce a ba ka mai madannai 88 masu nauyi irin na fiyanon katako, da abin takawa da ƙafa, da mazauni mai tsayawa daram. Kamfanoni irin su Yamaha da Roland da Kawai da Casio duk suna yin sa. Ba ya bukatar a saita masa murya, ba ruwansa da hunturu in ban da ƙura, wadda mayafi zai tare, kuma wutar da yake ci kaɗan ce, ƙaramar sola ma za ta riƙe shi. Rarar kuɗin da ka samu ka zuba ta a kan malama mai kyau, sannan ka roƙi makarantar ta bar yarinyar ta riƙa taɓa na katako ko sau ɗaya a mako idan suna da shi, domin a kansa ne za a gwada ta wata rana.

Idan kuma zuciyarka ta nace a kan na katako, to ka biya mai gyaran fiyano wanda ba yaron mai sayarwa ba ne ya je ya duba shi, ka kuma tabbatar akwai wanda zai riƙa zuwa Kano yana saita shi aƙalla sau biyu a shekara. A ajiye shi jikin bangon ciki, nesa da taga da na'urar sanyaya ɗaki.

Akwai wani abu da kuɗi ba za su yi maka ba. Shinichi Suzuki, malamin bayolin ɗan Japan wanda hanyarsa ta koyar da yara ta bazu a duniya, ya sa iyaye su riƙa zama a darasi domin su ne malaman gida sauran kwanaki shida na mako. Ba sai kai ko mahaifiyarta kun iya kiɗa ba. Ya isa wani ya san abin da malama ta ce a yi a wannan mako, ya ga an yi shi na rabin awa ko minti 45 a kullum, ya kuma lura ko kujerar ta yi mata daidai: gwiwar hannunta ta yi tsayi ɗaya da madannai, ƙafafunta kuma su taka wani abu, ko da ƙaramar kujerar tsugunno ce, kada su riƙa lilo.

Daga sakataren wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai a Jos: Mun tara kuɗi domin taimaka wa yara masu koyon bayolin a tsohuwar makarantarmu, da fatan wasu su kai ga babbar makarantar kiɗa. Shawarar da ta fi rinjaye ita ce mu sayi bayolin 20 mu raba musu a ranar bikin ba da kyaututtuka. Me kuke gani?

Malam Sakatare, a gaida 'yan ƙungiya da wannan niyya, amma ina roƙon ku sake zama a kan shawarar. Bayolin girma-girma ce, akwai rubu'i, akwai rabi, akwai kashi uku cikin huɗu, akwai cikakkiya, kuma yaro yakan fi ƙarfin tasa cikin shekara biyu ko ƙasa da haka, kamar yadda yake fin ƙarfin takalmi. Idan kun ba shi kyauta, ranar da ta yi masa kaɗan za ta koma ƙarƙashin gado. Idan aro kuka ba shi da yarjejeniya a rubuce wadda iyaye suka sa wa hannu, zai dawo da ita ya karɓi ta gaba, ƙaninsa a makaranta kuma ya ɗauki wadda ya ajiye. Ko a ƙololuwar wannan sana'a haka ake yi. Gidauniyar kiɗa ta Nippon da ke Japan ta mallaki kayan da shahararren maƙerin bayolin Antonio Stradivari ya ƙera a birnin Cremona na Italiya sama da shekara 300 da suka wuce, kuma aronsu take ba ƙwararrun matasa, tun da babu matashin da zai iya sayen abin da ake cinikinsa a miliyoyin daloli.

Sannan 20 sun yi yawa idan araha za ku bi, domin araha ba ta ado. Bayolin mai arha sosai kunnuwanta, wato turakun da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, ba sa riƙe sauti, jakinta a karkace, yaro zai yi ta fama yana zaton shi ne bai iya ba. Ku sayi takwas ko goma masu ɗan kyau, ku sa wanda ya san aikin ya daidaita su kafin a miƙa wa kowa, ragowar kuɗin kuma ku kasa su uku: alawus na malami na shekara biyu ko uku a jere, da asusun tsirkiya da gyara, da kuɗin jarrabawa da na motar zuwa gwajin shiga ga wanda ya kai. Na san wannan ba zai yi kyau a hoto kamar jerin akwatuna 20 a kan tebur ba, amma duk shirin da ya ɗore a kan malami ya tsaya. Buskaid, makarantar koyar da yara bayolin da dangoginta, wadda Rosemary Nalden ta buɗe a Soweto ta Afirka ta Kudu a 1997, ta yi suna ne saboda ta riƙe yara shekara da shekaru, har manyan cikinsu suka zama masu koyar da ƙanana. El Sistema ta Venezuela, hanyar koyar da yara kiɗa a ƙungiya, da José Antonio Abreu ya fara a 1975 da matasa 11 a wani wurin ajiye motoci, ita ma da wannan dabara ta yaɗu, kuma daga cikinta fitaccen jagoran makaɗa Gustavo Dudamel ya fito.

Batun gyara kuma ku ɗauke shi da muhimmanci, domin sanyi da bushewar Jos ba sa raga wa katako. Da gangan ake haɗa bayolin da wani irin gam na fatar dabba mai saki, saboda idan katako ya tsuke gara haɗin ya buɗe da a ce fuskar ta tsage, kuma mai gyara zai mayar da shi cikin sauƙi. Wani ɗalibi da na sani ya taho da tasa daga Legas lokacin hutun Disamba, gefenta ya ɗan buɗe, wani kafinta mai son taimako ya ɗura mata gam mai kama ƙarfe, kuma da hunturu ya ƙara tsananta sai fuskar ta tsage tun daga kafaɗa, tun da haɗin ya ƙi saki. A cikin bayolin kuma akwai wani ɗan sanda da yake tsaye ba tare da gam ba, matsin tsirkiyoyi ne kawai yake riƙe da shi, don haka kada a taɓa kwance tsirkiya huɗun a lokaci guda, ɗaya bayan ɗaya ake sauyawa. Idan a cikin yaranku akwai mai hannun sassaƙa, ku tura shi ya koyi wannan gyara, zai yi wa garin amfani, shi ma ya sami sana'a. Makaɗan ƙungiyar Kimbanguiste ta Kinshasa, wadda aka kafa a 1994, sun kai ga ɗaura wayar birkin keke a madadin tsirkiya a shekarunsu na farko, daga baya wasunsu suka koyi ƙera kayan da kansu.

Daga wata ɗaliba mai karatun difloma a fiyano: Shekarata 20, ina shekarar ƙarshe, kuma burina in ci gaba da karatu a ƙasar waje. Ina yin bita awa bakwai zuwa takwas a kullum, amma wata biyu ke nan wuyan hannuna na dama yana ciwo, wani lokaci yatsu biyu su yi kamar ba nawa ba. Ban gaya wa malamina ba kada ya ce na cika raki.

Ƙanwata, ki gaya masa gobe, ki kuma je asibiti a wannan makon, domin ciwon da ya yi wata biyu har yatsu suna mutuwa ya wuce gajiya. Leon Fleisher yana cikin manyan makaɗan fiyano na Amurka lokacin da yatsu biyu na hannunsa na dama suka fara nannaɗewa a 1964, yana da shekara 36, kuma sai da ya yi kusan shekara 30 yana kaɗa abin da aka rubuta domin hannun hagu kaɗai kafin magani ya dawo masa da na daman. Ba ina cewa ciwonku ɗaya ba ne, wannan aikin likita ne, amma shi ma da ya ji alamar farko ƙara bita ya yi.

Awa takwas ba abin alfahari ba ne. Binciken da Anders Ericsson da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 a kan ɗaliban bayolin na wata makarantar kiɗa a Berlin, wanda daga gare shi maganar nan cewa sai an yi bitar awa 10,000 kafin a ƙware ta samo asali, ya nuna cewa mafiya ƙwarewa a cikinsu kimanin awa uku da rabi suke bita su kaɗai a rana, a rarrabe, kuma sun fi sauran samun barci. Idan likita ya ba ki izinin komawa, ki riƙa tashi daga kujera bayan kowane minti 40 ko 50, wani ɓangaren aikin kuma ki yi shi da ido da fensir a kan takarda, hannu yana hutawa.

Game da fita waje, ki raba kuɗin makaranta da kuɗin zama a lissafinki. Makarantar Curtis da ke Philadelphia ba ta karɓar kuɗin karatu daga kowane ɗalibi tun 1928, amma ɗalibanta gaba ɗaya ba su kai 200 ba, kuma daga duk duniya ake neman gurbin. A manyan makarantun Landan kuɗin ɗalibin waje ya haura fam 25,000 a shekara, tallafin da suke bayarwa kuma sau da yawa wani yanki ne kawai, sannan ofishin biza zai nemi shaidar kuɗin zama na wata tara. A Jamus yawancin makarantun kiɗa na gwamnati kuɗinsu kaɗan ne, amma za a nemi ki ajiye kusan yuro 12,000 na shekara guda a asusu na musamman, kuma a mafi yawansu sai kin iya Jamusanci. Kada ki raina na kusa: Jami'ar Cape Town da ta Stellenbosch a Afirka ta Kudu suna da tsofaffin makarantun kiɗa, Alƙahira ma tana da tata tun 1959.

Makarantun Ingila sukan rufe karɓar takardu a farkon Oktoba, na Amurka kuma da yawansu a ranar 1 ga Disamba, kuma matakin farko a mafi yawansu bidiyo ne za ki aika. Ki karanta jerin kiɗan da kowace makaranta take nema tun shekara guda kafin lokacin, domin ba iri ɗaya ba ne, kuma inda aka bar miki zaɓi ki sa aikin wani marubucin kiɗa na gida, kamar Akin Euba ko Joshua Uzoigwe, waɗanda suka rubuta wa fiyano kiɗa mai tafiyar ganga, tun da alƙalan sun ji kiɗan Chopin, shahararren marubucin kiɗan fiyano ɗan Poland, sau ɗari a wannan makon. Ki ɗauki bidiyon a kan fiyanon katako da aka saita kwanan nan, a ɗakin da babu ƙarar janareta, a girke kyamarar a gefenki yadda za a ga fuskarki da hannayenki da ƙafafunki, kuma kada a yanke ko a gyara komai a tsakiyar kiɗa. Amma ba za a ɗauki wannan bidiyo ba sai likita ya duba hannun nan, ko da hakan zai sa ki jira zagayen baɗi.